Marubuci, Kada Ka Bari Eko Ya Cinye Maka Kalmomi



Yau da yawanmu ba mu tsaya kan takarda ba. Mai waƙa yana shiga situdiyo ya rera, mai labari yana ɗaukar muryarsa ya ɗora a YouTube. Matsalar ita ce, mukan kwana muna tace baiti ɗaya, sannan mu miƙa wa mai haɗa sauti ya zuba masa eko har ba a gane abin da muka ce.

Eko ba tsafi ba ne. Manhaja ce ke riƙe kwafin muryarka ta sake sakinsa bayan ɗan lokaci. Kowane maimaici yana da tazararsa, da ƙarfinsa, da kunnen da zai fito, dama ko hagu. Akwai kuma fidbak, wanda ke mayar da maimaicin cikin manhajar ya haifi wani. Idan aka cika shi, kalma ɗaya sai ta yi ta 'ya'ya har ta hau kan ta gaba.

A Hausa wannan ɓarna ce babba. Garin da muke zaune da garin tuwo, tsawon wasali kaɗai ya raba su. Karin waƙarmu ma a kan doguwar gaɓa da gajera yake tafiya. Maimaici ya faɗo tsakiyar kalma, ya ɓata duka biyun. Mu 'yan Sakkwato mun fi kowa sanin darajar kalma a waƙa: waƙoƙin Nana Asma'u da baki jajis suka kai wa 'yan taru a ƙauyuka, don a ji a haddace.

Wasu za su ce eko na ƙara wa murya kwarjini, kuma kunnen mutane ya saba. Gaskiya ne, gishiri ma na gyara miya, amma ba a tuƙa tuwo da shi.

Shawarata ita ce ka zauna kusa da mai haɗa sautin. Maimaici ɗaya ko biyu ya isa, kowane ya fi na bayansa ƙarfi, dukansu kuma ƙasa da muryarka sosai. A sa shi a ƙarshen ɗango, wurin amsa-amo, inda akwai sararin numfashi. Idan da kiɗa, raba 60,000 da yawan bugun minti ɗaya: bugu 120 zai ba ka milisakan 500, sai maimaicin ya faɗa daidai kan kiɗan. Mai aiki a gida, Audacity kyauta ce, kuma tana barin ka ƙayyade yawan maimaici da tazararsu.

Kafin ka saki, kunna wa wanda bai taɓa karanta rubutun ba a lasifikar waya, ka ce ya rubuta abin da ya ji. Duk kalmar da ta kuɓuce masa, koma situdiyo a rage.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.