A Dawo Mana Da Yaranmu Daga Mali

Iyayenmu da 'yan uwanmu na zangon Sokode, da Mango, da Dapango, da Sinkase, da duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa.

Mu da ke zaune a Ajengire, bakin babbar hanyar da ta taso daga Lome zuwa iyakar Burkina Faso, muna ganin motocin soja suna wucewa arewa. Sai mu ɗaga musu hannu, mu ce Allah ya kai lafiya, domin yaranmu ne a ciki. Amma akwai wasu yaran namu da ba ma ganin wucewarsu. A farkon 2023 suna can ƙasar Mali, cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira MINUSMA. A kansu muke son magana yau.

Tun watan Janairun 2013 sojojin Togo suka sauka Bamako, suna cikin na farko da suka amsa kira. Zuwa 2023, shekara goma ke nan. A watan Mayun 2016 an kashe mana biyar kusa da Sevare. Ranar 8 ga Disamba 2021 nakiya ta tashi da ayarinsu a yankin Bandiagara, bakwai suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ba wanda zai ce Togo ba ta sauke haƙƙin maƙwabtaka ba.

To amma a 2013 gidanmu lafiya yake. A Nuwamba 2021 aka fara taɓa mu a Sanloaga. Daren 10 zuwa 11 ga Mayu 2022 aka auka wa sansanin Kpekpakandi, cikin Kpenjal, aka kashe soja takwas, aka raunata goma sha uku. Tun watan Yunin 2022 jihar Savanes take ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma a Afrilun 2023 majalisa ta ƙara mata shekara guda. A 2023 Shugaba Faure Gnassingbe da bakinsa ya faɗa cewa an rasa soja wajen 40 da farar hula wajen 100. Ku da ke Dapango kun ga mutanen ƙauye da suka baro gonakinsu suka zo da tabarma da tukunya. Fatake sun san yadda ciniki ya ja baya. Gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa?

Masu cewa a bar su can suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye muku ita ba. Suna cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gara a tare wutar a Mali kafin ta iso. Magana ce mai kyau a lokacinta. Amma wutar ta riga ta tsallake Mali, ta ratsa Burkina, ta kama namu gemun. Ban da haka, ba a aika rundunar MINUSMA don ta bi 'yan bindiga cikin daji ba. Aikinta tsaron zaman lafiya ne, a wurin da zaman lafiyar ya ƙi samuwa.

Suna kuma cewa janyewa cin amanar Mali ne. Mu dubi abin da masu gidan suka yi. A Yulin 2022 hukumomin Bamako sun dakatar da canjin dakarun rundunar har wata guda. A wannan watan suka kama sojojin Kodebuwa 49 a filin jirgin sama. Faransa ta kwashe nata a Agustan 2022. Benin, maƙwabciyarmu mai irin ciwonmu, ta sanar da janye nata. Ingila da Kodebuwa da Jamus su ma sun faɗi nasu. Baƙon da mai gida ya fara ɗaure masa fuska, idan yana da hankali, shi ke fara naɗe tabarmarsa.

Shugaban ƙasarmu na lokacin ne ya shiga tsakani har aka saki sojojin Kodebuwa 46 da suka rage, a Janairun 2023, suka biyo ta Lome suka koma gida. Mun yaba, aikin alheri ne. Wanda ya iya dawo da 'ya'yan maƙwabci, me zai hana shi dawo da nasa?

Sai maganar da ba a so a yi a fili, wato kuɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan ƙasa sama da dala 1,400 kowane wata a kan kowane soja. Mun sani akwai gidajen da alawus ɗin Mali ya rufa wa asiri, ya sa musu kwano, ya biya kuɗin makaranta. Ba ma raina wannan. Amma idan sai soja ya je ƙasar wani ya taka nakiya kafin ya iya gina ɗaki biyu, gyaran yana ga albashinsa na gida.

Ga abin da jam'iyyarmu ta nema a 2023. Wa'adin MINUSMA ya cika ƙarshen watan Yunin 2023. Gwamnati ta faɗi ranar da yaranmu za su fara dawowa, a yi shi daki-daki, cikin tsari da mutunci. A kawo lissafin kuɗin da aka karɓa cikin shekara goman nan gaban majalisa, a karanta. A biya matan mamata da marayunsu haƙƙinsu ba tare da yawon ofis ba. Waɗanda suka dawo da sanin nakiya da dabarun daji, a kai su Manduri da Kunjuware inda ake bukatarsu. Kuma a yi aikin tare da mutanen wurin. Kuskuren Margba, inda sojojinmu suka amsa cewa harinsu ne ya kashe yara bakwai a Yulin 2022, kada ya maimaitu. Gemu da rawani da sandar kiwo ba laifi ba ne. Bafatake da makiyayi su ne idon soja a kan iyaka, in an riƙe su da amana.

Me ya sa ba a yi wannan muhawara a majalisa ba? Domin a Disamba 2018 manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace wa zaɓe, UNIR ta kwashe kujeru 59 cikin 91. Ba a samu mai miƙewa ya matsa da tambaya ba. Wannan karon muna ciki.

Saboda haka, baba da inna, yaya da ƙane, a je a yanki katin zaɓe, a adana shi. Duk ɗan takarar depite da ya zo ƙofar gidanku, ko namu ne, ku tambaye shi: yaushe yaranmu za su dawo? Idan ya kauce, kun san amsarsa. Zuwa da kai ya fi aike.

Allah ya tsare sojojinmu na gida da na waje, ya zaunar da Togo lafiya. Amin.