Ajin tabbatarwa ba saukar karatu ba ne

Jama'a, daren jiya ƴata ta ba ni kunya a cikin gidana. Tana shirin tabbatarwa a majami'a, sai ta miƙo mini ƙaramin katekizim ta ce, "Baba, riƙe ka ji ko na haddace." Da muka zo doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, ta ce in rufe littafin ni ma in faɗi ma'anarta. Na yi ta kame-kame. Ni da na wuce wannan aji kusan shekara 30 ke nan!

Da ta faɗi ma'anar, jikina ya yi sanyi. Martin Luta ya bayyana cewa dokar ba ta tsaya ga ƙarya gaban alƙali ba. Ta hana mu ɓata sunan maƙwabci, ta kuma ɗora mana kare shi da yi masa kyakkyawan zato. To da safiyar ranar na tura wani saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp, ana zargin wani bawan Allah da cin kuɗin jama'a, ban bincika ba. Na koma na goge, amma magana zarar bunu ce.

Ga inda nake ganin mun yi kuskure. Mun mayar da tabbatarwa kamar bikin sauka: a ɗinka farin kaya, a dafa shinkafa, a ɗauki hoto, shi ke nan a jefa katekizim ƙarƙashin akwati. Alhali ba don yara kaɗai aka rubuta shi ba. Luta ya zagaya ikilisiyoyin Saksoni a Jamus ya tarar manya da yawa ba su san Addu'ar Ubangiji ko Dokoki Goma ba, har wasu fastoci ba su iya koyarwa ba. Shi ya sa a 1529 ya fitar da littafin, ya ɗora wa maigida nauyin koyar da iyalinsa. Shi kansa, da duk iliminsa, ya ce kullum yana bitarsa kamar yaro.

Mu ma a nan Adamawa haka aka faro. Bayan Dakta Bronnum ya iso Numan a 1913, manya ne da gemunsu suka riƙa zama ajin baftisma suna koyon karatu. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, akwai masu karanta shi. Yau muna da digiri, amma mun bar komai ga malamar makarantar Lahadi, awa ɗaya a mako. Sai mu riƙa mamaki in yaranmu sun bi mai sayar da man shafawa da ruwan mu'ujiza. Wanda bai riƙe cewa ceto kyauta ne ta wurin alheri ba, ai dole a sayar masa.

Na san uzurinmu: aiki, gajiya, tsadar rayuwa. Ni ma ma'aikaci ne, na san yadda ashirin ga wata take. Amma mai awa biyu a Facebook bai rasa minti goma ba.

Ni dai na yi wa ƴata alkawari, kowane dare bayan tuwo doka ɗaya da ma'anarta, ita ta tambaye ni, ni in tambaye ta. In mun gama mu shiga Shaidar Bangaskiya. Ina kuma roƙon fastocinmu da dattawa su buɗe mana ajin manya, har da mu masu furfura.

Yau muna kan doka ta bakwai, ta hana sata. Ƴan'uwana ma'aikatan gwamnati, ku sa ni a addu'a.