Cinikin Biri a Sama

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, injin janareto ya zama kayan kallo a gidajen masu ƙaramin albashi, ga shi nan a zaure amma ba mai ƙarfin shayar da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin a watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu, masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka naɗe hannu. To, ba abin mamaki ba ne da jama'a suka ɗaga kai suka dubi rana, wadda ba ta yanke wa kowa waya, ba ta kuma aiko da takardar biyan kuɗi.

Mu ba mu da ja da wutar sola. A ƙasar da rana ke dukan ƙeya tun hantsi har la'asar, asara ce a bar wannan arziki ya zuba a banza. Faɗanmu da wasu 'yan kasuwa ne waɗanda suka ga jama'a cikin ƙunci suka mai da ƙuncin jari. Jiya suna sayar da cajar waya, yau sun buga allo sun zama "injiniyoyin sola". Cinikin da ake yi da su kuwa cinikin biri a sama ne, har ma ya fi, tun da kayan a kan rufin ɗaki ake ɗora su, inda mai gida ba zai hau ya duba ba.

Babban makaminsu shi ne kalmar kVA. Ma'aikaci ya ci bashin ƙungiyar adashi ta ofis, ya je shago, a ce masa, "Yallaɓai, wannan kVA 3 ne, zai ɗauki firji da dutsen guga har da na'urar sanyaya ɗaki." Maganar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta fi ƙarya haɗari. Bari mu kwatanta da ruwa. Fanel ɗin da ke kan rufi shi ne ɗan ga-ruwa mai kawowa. Batir shi ne randar da ake tarawa. Inbata kuwa, wadda ake auna ƙarfinta da kVA, ita ce moɗar da ake ɗiba da ita. Wane mai hankali ne zai yi alfahari da girman moɗa alhali randarsa 'yar mitsitsiya ce, ɗan ga-ruwansa kuma gurgu? Amma haka ake yi mana kullum, a cika mana kunne da labarin moɗa, a yi gum game da randa.

Lissafin ba wuya gare shi ba, duk wanda ya taɓa sayen katin mita zai gane. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da yunit 2.4 in sabo ne na gaskiya. Guda biyu, yunit 4.8 ke nan. Amma batir irin na darma, mai ruwa ko marar ruwa, in ana so ya yi ƙarko ba a zuƙe fiye da rabinsa, watau saura yunit 2.4, inbata kuma ta ci nata ladan, abin da zai iso ɗaki bai wuce yunit 2 da 'yan kai ba. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa shida, da fanka biyu masu wat 60 na awa takwas, da talabijin mai wat 80 na awa huɗu, sun haɗu sun ci yunit 1.64. Wannan gida zai kwana lafiya. Amma a kunna na'urar sanyaya ɗaki mai cin wat 800 zuwa 900, kafin awa uku randa ta ƙafe. Mai shago ya san haka sarai. Ya kuma san batirin da ake ƙafar da shi kowane dare ba zai yi tsawon rai ba, sai mai gida ya komo shagonsa sayen wani.

Na biyu shi ne tauye mudu a jikin fanel. Lambar da aka rubuta a bayansa, a ce wat 300, an auna ta ne a ɗakin gwaji da cikakken haske, fanel ɗin kuma yana kan zafin digiri 25. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, gilashin da ke kan kwano yakan haura digiri 60, kuma duk digiri ɗaya na ƙari yana rage masa ƙarfi kaɗan. Saboda haka ko fanel na ƙwarai mai wat 300, abin da zai tara a yini yana wajen yunit 1.2 zuwa 1.5, ƙurar hunturu kuma in ta lulluɓe shi ta ƙara ragewa. Wannan na ƙwarai ke nan fa. Ina ga wanda aka ɓare takardarsa ta asali aka liƙa masa wata mai babbar lamba? Haka nan batir, akwai tsoho da aka wanke aka yi wa fenti aka sa a sabon kwali. Batirin darma mai amfiya-awa 200 yana da nauyin da ya kai kilo 55 zuwa 65, don haka wanda yaro zai sungume shi da hannu ɗaya abin tuhuma ne. Masu sayar da na litiyom su ma ba su tsira ba, gama akwati ne a rufe, ba ka san ko tsofaffin ƙwayoyi aka cusa a ciki ba.

Na uku ya fi muni, domin ya taɓa rai. Don a rage farashi a ƙwace ciniki, sai a sa siririyar waya, ko wadda aka shafa wa jan ƙarfe a baya alhali cikinta sanholo ne, a tsallake fis da abin katse wuta, a manta da wayar da ake binnewa a ƙasa. Batir yana iya sakin wuta mai yawan gaske cikin ƙiftawar ido, in ta bi ta siririyar waya sai ta ɗau zafi, waya mai zafi a cikin silin kuwa kowa ya san ƙarshenta. Araha ba ta ado, a nan ma tana iya cin gida da mutanen cikinsa.

Na huɗu romon baka ne. "Garanti shekara 25" da ake rera mana, alkawari ne na masu ƙera fanel cewa ƙarfinsa ba zai faɗi ƙasa da wani mizani ba, bai shafi batir ba, bai shafi inbata ba, bai kuma shafi aikin hannun wanda ya haɗa ba. "Ka biya yau, gobe dala za ta tashi" kuwa tarko ne don kada ka sami damar zuwa shago na biyu. Masu biya kaɗan-kaɗan su ma a tambaye su jimillar abin da za a biya har ƙarshe, da abin da zai faru in albashi ya makara, domin da yawa daga na'urorinsu sukan kulle kansu da zarar wa'adi ya wuce.

To, yaya za a gane na kirki, tun da akwai su, kuma su ma algus ɗin ya ɓata musu suna? Mai gaskiya ba ya yanka farashi ta waya. Yakan zo gida ya ƙidaya kayan wutarka, ya tambayi awa nawa kowanne yake aiki, ya hau rufi ya duba inuwar bishiya da ta tankin ruwa, ya fuskantar da fanel kudu da ɗan karkata. Yakan iya buɗe baki ya ce maka, "Kuɗinka ba su isa firji ba," ko da zai rasa cinikin. Ka nemi ya rubuta kome a takarda, sunan kamfanin da ya ƙera kowane abu, lambarsa, ƙarfinsa, kaurin waya, tsawon garantin kowanne daban-daban, da wanda zai zo in abu ya ɓaci. Ka nemi shaidar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa tantance masu haɗa wayar lantarki. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, wanda ya ga bazara ya ga damina, ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi. Kada ka biya duka sai an haɗa, an auna a gabanka da tsakar rana, an kuma kwana ana amfani da shi.

Wani zai ce talaka ba shi da zaɓi sai mai araha. Mun ji, amma ƙaramin haɗi na gaskiya mai riƙe fitila da fanka shekaru ya fi babban haɗi na bogi da zai mutu kafin a gama biyan bashinsa. Wanda ya sayi na bogi sau biyu zai saya, talaka kuwa shi ne ba shi da halin saye sau biyu.

Hukumomi suna da nasu alhakin. Ga SON mai kula da ingancin kaya, ga FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare masu saye. Muna kira gare su da su fito daga ofis su shiga kasuwa da ma'auni a hannu, su gwada abin da ake sayarwa, su faɗa wa jama'a sakamako da harshen da suke ji.

Amma kada mu wanke kanmu. Tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, kowace shekara kuma jami'o'inmu suna yaye masu digirin injiniya da kimiyya. Duk da haka a gabanmu ake yanka iyayenmu da lissafin da ɗan aji uku na sakandare zai iya yi. In kawu ya sayar da sa don ya sa sola, wa yake kira ya raka shi kasuwa in ba ɗansa na jami'a ba? Mu kuwa sai mu tsaya muna gyaɗa kai don kada a ce ba mu san kVA ba. Da gumin talakawa aka gina azuzuwan da muke zama, wannan kuwa hanya ce mai sauƙi ta rage bashin.

Saboda haka muna ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta roƙi 'yan sashen injiniyan lantarki su ware rana guda a mako, duk mai takardar farashi ya kawo a duba masa kyauta. Kowannenmu kuma kafin hutu ya koyi ninka wat da awa, ya tafi gida da wannan sani. Ranar da masu saye suka fara shiga shago da biro da takarda suna tambayar yunit nawa, 'yan damfara za su koma sayar da caja, masu gaskiya su sami kasuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.