Ta ƙofar ƙuraje bilicin ke shigo mana gida



Shekarata 19 ina riƙe da alli, tun fitowata daga makarantar horon malamai ta Tawa. Na koyar a ƙauyukan Illela, na koyar a ƙasar Malbaza, yanzu ina nan Birnin Ƙwanni. Duk inda na zauna abu guda nake gani yana ƙaruwa: fuskokin mata masu launi biyu, kunci ja kamar an watsa ruwan zafi, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin. Da a wurin biki kawai ake ganin haka. Yanzu ya shigo ɗakin malamai, ya shigo aji, har ƴan matan kwaleji sun fara. In na keɓe da mace na tambaye ta, amsar kusan ɗaya ce: "Wallahi Malama ni ba fari nake nema ba, ƙuraje ne suka dame ni." Kuma na yarda da su, domin ni ma ta wannan ƙofa na shiga.

Ina da shekara 34, bayan na yaye ɗana na uku, ƙuraje suka feso mini a haɓa da muƙamuƙi, manya masu zafi. Ina tsammanin na rabu da su tun ina budurwa. Kullum sai na tsaya gaban yara fiye da sittin suna kallon fuskata. Wani abokin aiki ya ce mini cikin raha, "Madam, balaga ce ta dawo?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ranar ban ci abincin kirki ba. A gida wata ta ce jinina ne ya ɓaci, wata ta ce in nemi tsari don ba banza ba. A wani suna aka haɗa ni da wata mai haɗa man shafawa. Ta ba ni ƴar roba marar suna, marar takarda, na biya jika biyu da rabi. Kwana huɗu ƙurajen suka kwanta. Mako biyu aka fara ce mini, "Kai, kin yi fes!" Ranar da man ya ƙare, kafin mako ya zagayo fuskata ta cika da wasu ƙananan ƙuraje iri ɗaya, ga raɗaɗi, ga ƙaiƙayi. Na koma wurinta, ta ce fatata ce ta saba, sai an ƙara ƙarfin haɗin. Haka na yi ta kai kuɗina kusan shekara guda, sai da wani majo da na kai wa yaro ya dube ni ya ce, "Madam, don Allah me kike shafawa?" Wata takwas na yi kafin fuskata ta dawo hayyacinta, kuma har yau akwai tabon da nake gani a madubi.

Abin da majon nan ya bayyana mini, wanda daga baya na bi na karanta, shi nake so kowane malami da kowace uwa su sani. Yawancin man da ke kwantar da ƙuraje cikin kwana uku ko huɗu yana ɗauke da kotizon mai ƙarfi. A jikin kwalin, in akwai kwali, za ku ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone. Magunguna ne na gaskiya, likita kan rubuta su don wasu cututtukan fata, na ƴan makonni kawai, kuma clobétasol ba a saba ba da shi don fuska ba saboda ƙarfinsa. Aikinsa ya danne kumburi da ja, shi ya sa ƙurji ke kwanciya nan da nan. Amma bai taɓa tushen ciwon ba. In aka daɗe ana shafawa, shi kansa yana haifar da nasa ƙurajen, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, makero da ƙazuwa su sami wurin zama. Mai shafa shi a jiki duka wata da watanni yana ratsawa cikin jininta, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, kuma rauni ya ƙi warkewa da wuri, abin da ya kamata duk macen da za a iya yi wa tiyatar haihuwa ta yi tunani a kai. Ranar da aka daina, fuska ta yi bore, sai a koma a sake saye. Wannan shi ne sirrin kasuwar. Mai haɗi ba ta bukatar talla ta biyu, fatarki ce za ta mayar da ke wurinta.

Sau da yawa ba kotizon kaɗai ke ciki ba. Ana zuba hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001. In aka daɗe a kansa yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kunci, wanda fitarsa ke da matuƙar wuya. Wasu sabulai da mayuka kuma akwai mercure a ciki, gubar da ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashe su. A maƙwabciyarmu Nijeriya, inda wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na mata na amfani da man ƙara fari, hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mu da ke bakin iyaka, tsakaninmu da Illela ta Nijeriya tafiyar ƴan mintoci ce a babur. Abin da ke kasuwarsu yana kasuwarmu, abin da ke tamu yana tasu. Ku zaga ranar kasuwar Ƙwanni ko ta Badagishiri ku duba tiren masu tallar magani da teburin masu kayan kwalliya, sannan ku buɗe WhatsApp ɗin matan gidanku ku ga hotunan "kafin" da "bayan" da ake turo musu.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ai an yi wa'azi, an yi faɗa a rediyo, mata ne ba su ji. Ni kuwa na ce wa'azin ya tsaya a rabin hanya. An ce wa mace ta bar bilicin, amma ba wanda ya gaya mata yadda za ta yi da ƙurajen da suka kai ta can. Ta dawo gida da fuskarta mai zafi, miji na mita, kishiya na habaici, kuma mutum ɗaya tak da ya saurare ta ya miƙo mata wani abu ita ce mai haɗi. Wa kuke tsammani za ta bi? Zagi ba ya warkar da ƙurji.

Saboda haka bari in faɗi abin da aka daɗe ba a faɗa ba. Ƙurajen fuska ciwo ne na ƙofofin gashi. Fata na fitar da maiƙo, in ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata sai ƙofar ta toshe, ƙwayoyin cuta da dama can suna zaune a fatar kowa su hayayyafa, wurin ya kumbura. Sinadaran jiki ne ke juya yawan maiƙon, shi ya sa ƙurajen ke tashi lokacin balaga, kuma shi ya sa mace mai shekara talatin ko arba'in ke iya samunsu, musamman gab da al'ada, ko da ciki, ko bayan haihuwa. Maza ma suna yi. Ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma alamar yarinya ta matsu da aure ba ce, kamar yadda wasu iyaye ke faɗa a gaban ƴaƴansu ba kunya. Akwai abubuwan da ke ƙara su: man gashi mai nauyi da ke gangarowa goshi, shafa basilin a fuska, kwana da hoda, gumin bazara a ƙarƙashin bakin hijabin da ba a wanke ba. Dirza fuska da soso, da lemun tsami, da kanwa, da man goge baki, duk ƙara wa wuta ƙirare ne. Matsa ƙurji da farce kuwa shi ke barin baƙin tabon nan, kuma tabon ne ke kai yawancinmu wurin mai haɗi. A fatarmu ta baƙar fata tabo yakan daɗe, amma in aka bar sabbin ƙuraje suka daina fitowa, yana dusashewa da kansa cikin watanni.

Maganin gaskiya yana nan, kuma ba asiri ba ne. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar zafi, da hannu kawai. A farmasi mai rajista akwai peroxyde de benzoyle, ana farawa da mai sauƙi, na kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, a shafa kaɗan. Yana kashe ƙwayoyin cutar, ba ya canja launin mutum, sai dai yana cin launin tufa, don haka a kula da hijabi da rigar matashi. Akwai adapalène da ake shafawa da dare, yana buɗe ƙofofin da suka toshe. In ƙurajen manya ne, likita kan haɗa da ƙwayar doxycycline na ƴan watanni. Amma a ji wannan da kyau: mai ciki, ko mai neman ciki, ba ta shan doxycycline, ba ta shafa adapalène da danginsa. Akwai kuma wata ƙwaya mai suna isotrétinoïne wadda ke nakasa ɗan tayi, ba mai taɓa ta sai a hannun likitan fata. Macen da ƙurajenta suka haɗu da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, ta faɗa wa ungozoma ko likita, don wataƙila matsalar daga ƙwan mahaifa take. Wadda kuma ta daɗe tana shafa haɗi kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai, ta ɗauki robar ta kai asibiti a nuna mata yadda za ta janye sannu a hankali.

Aibin maganin gaskiya ɗaya ne: ba ya sauri. Sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga canji, a farkon ma fata kan bushe ta ɗan yi ɓawo. A nan mai haɗi ke cin mu, don ita kwana uku take alkawari. Sauri ya haifi nawa. Ni da na nemi kwana huɗu, shekara biyu na biya.

Wasu za su ce Malama, kina magana kamar likitan fata na bayan gidanmu. Gaskiya ne, likitocin fata kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu suna Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙwanni. Ba kowa ke da kuɗin mota ba. Amma yawancin ƙuraje ba su bukatar a je Yamai. Akwai asibitin gundumar Ƙwanni, akwai asibitin Galmi, akwai babban asibitin Tawa, akwai majo da ungozoma a ƙananan asibitocinmu. Ko mai farmasi na gaskiya ya fi mai tire sanin abin da yake miƙo miki. Batun tsada kuwa, ku lissafa jika biyu da rabi duk wata har shekara, ku ɗora kuɗin gyaran ɓarnar, sannan ku gaya mini wanne ne mai araha. Araha ba ta ado.

Yanzu in juyo kanmu, don laifin ba na mai haɗi kaɗai ba ne. Wa ya buɗe mata kasuwa? Mijin da ke yaba farar mace a gaban matarsa. Uwar da ke ce wa ɗanta ya samo mata "mai haske". Gwaggon da ke karɓar amarya wata guda kafin biki a ce ana gyara ta, a dawo da ita iyayenta ma sai sun duba sau biyu. Da mu malamai, da ke jin yara na kiran ƴar'uwarsu da sunan ƙurajenta mu yi kamar ba mu ji ba, wani lokacin ma mu ne da raha. Maganar abokin aikin nan nawa ba ta kai daƙiƙa biyar ba, ya manta da ita tuni. Ni ce ban manta ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar kasafin gwamnati. Malaman kimiyyar rayuwa, in kun zo darasin balaga ku ba fata awa guda, ku zo da kwalayen nan aji ku koya wa yara karanta abin da ke jikinsu: clobétasol, bétaméthasone, hydroquinone, mercure. Yaron da ya iya karanta kalmomin nan huɗu zai karanta wa uwarsa da yayarsa. Ku koya musu cewa duk robar da ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, ba ta hau fuskar mutum ba. Shugabannin makarantu, ku gayyato majo ko ungozoma taron COGES da na ƙungiyar uwaye mata, ko sau ɗaya a shekara. Iyaye, in ƴarku ta fara ɓoye fuska ko ta fara haske ba dalili, kada ku fara da duka. Ku tambaye ta a hankali, ku duba abin da take shafawa, ku kai ta asibiti kamar yadda za ku kai ta in zazzaɓi ne. Hukumomin lafiya da na kwastan kuma, maganin da doka ta ce sai da takardar likita bai kamata a same shi a tire ɗaya da ƙarin gashi da jan baki ba.

Makon jiya wata ɗalibata ta tsaya bayan an tashi, ta ciro ƴar roba daga jakarta ta ce, "Madam, yayata ce ta ba ni, in shafa?" Na karɓa na buɗe, warin nan da na sani ya buge ni. Na zaunar da ita na ba ta labarin da na ba ku, na nuna mata tabon da ke kuncina. Jibi ni da mahaifiyarta za mu kai ta wurin majo. Robar tana cikin akwatin tebur ɗina, zan kai ta taron iyaye mai zuwa, kuma ina fatan in ga iyaye maza a wurin, don rabin maganar tasu ce.

Allah ya ba mu lafiya, ya shirya mana zuri'a.