AUREN BIZA: INA MAKOMAR UWARGIDA?

Duk wanda ya daɗe yana karatun littattafan soyayya ya san irin ƙarshen nan da aka saba: an sha wahala, an yi kuka, an ɗaura aure, sai ga ango da amarya a filin jirgin Malam Aminu Kano, dangi suna ɗaga hannu, jirgi ya lula Landan ko Amurka, marubuci ya ce alhamdulillahi, ya ajiye alƙalami. To jama'a, inda littafi ke ƙarewa, nan ne fa ainihin labarin ke somawa.

Yanzu mafarkin ya fito daga littafi ya shiga waya. A watan Disamba na 2020 aka ɗaura auren wani matashi ɗan Panshekara da wata Ba'amurkiya da suka haɗu a Instagram, kowa ya ji labari. Ni ba ni da ta cewa a kan aurensu, Allah Ya ba su zaman lafiya. Abin da ya dame ni shi ne yadda tun daga lokacin zancen ya zama abin hira a majalisun samari, daga Kabo zuwa Garo, daga Gwarzo zuwa Getso, kowa fatansa Allah Ya kawo masa tasa baturiyar. Da samari ne kaɗai da sauƙi. Har magidanta masu mata da 'ya'ya sun shiga layi, kuma da su nake magana yau.

Bari mu fara da yadda hanyar take, domin da yawa suna zaton da an shafa fatiha sai a miƙo fasfo. A Amurka, idan auren bai cika shekara biyu ba a lokacin da mutum ya samu izinin zama, katin da za a ba shi na sharaɗi ne, na shekara biyu kacal. Cikin kwana 90 kafin ya ƙare, shi da matar za su cike takarda tare su nemi a cire sharaɗin, su kawo shaidar cewa zaman aure suke da gaske: gida ɗaya, asusun banki ɗaya, hotuna da sauransu. Sai ya shekara uku da katin zama, yana tare da matar nan, sannan zai iya neman zama ɗan ƙasa. Wanda kuwa aka kama da auren bogi, dokar da suka yi tun 1986 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar da za ta iya kai dala 250,000, ko duka biyun.

A Ingila ma ba kanwar lasa ba ce. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin shigar da ake buƙatar mai ɗauko miji ko mata ya nuna, daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. Bizar farko ta shekara biyu da wata tara ce, a sabunta ta shekara biyu da rabi, sai an cika shekara biyar sannan a nemi zaman dindindin, bayan jarrabawar Turanci da ta sanin rayuwar ƙasar. Duk tsawon shekarun nan zamanka a rataye yake a wuyan auren. Ranar da aka rabu, ranar takardarka ta fara rawa.

Ga kuma babbar maganar da ba a son faɗa a majalisa: ƙasashen nan biyu mace ɗaya suka sani. Amurka tun 1891 dokarta ta hana shigowar mai auren mace fiye da ɗaya, Ingila kuma dokar shige da fice ta 1988 ta toshe hanyar kawo mace ta biyu matuƙar ta farko tana can. Mu kuwa a nan, namiji ɗan shekara talatin da wuya ka same shi ba iyali. To wai shin yaya magidanci ke yi da uwargidansa idan aka miƙo masa takardar da ke tambaya ko yana da aure?

Hanya uku ce, kuma duk babu ta kirki. Wani ya rubuta cewa bai taɓa aure ba, ya shafe mace da 'ya'ya huɗu da layi ɗaya. Wani ya ce ƙanwarsa ce, ko matar wansa da ya rasu ya bar masa marayu, don baturiya ta yarda a riƙa aiko da kuɗi. Wani kuma ya zaunar da baiwar Allah ya lallashe ta, ya ce saki ne na takarda kawai, don a nuna a ofishin jakadanci, amma a wurin Allah tana nan matarsa.

Wannan ta ukun ita ta fi tayar mini da hankali. Tun muna makarantar allo da Islamiyya malamai suka karantar da mu cewa saki ba ya ɗaukar wasa. Wanda ya furta ko ya rubuta shi da hannunsa, ba zai dawo ya ce ai da wasa yake ba. Ke nan matar da aka ce ta kwantar da hankalinta tana iya zama a ɗakin mutum shekara da shekaru alhali igiya ta tsinke, iddarta ta ƙare ba ta sani ba. In ya zo hutu ya sauka a ɗakinta, da wane matsayi? In aka samu rabo fa? In ya rasu a can, ita ba ta cikin takardar Turawa, ga kuma takardar saki a hannun dangi, wa zai tsaya mata ranar rabon gado? Wanda kuma ya kai baturiyar rajista alhali yana da aure a gida, ya sani cewa dokar aure ta Najeriya kanta ta tanadi ɗaurin shekara biyar a kan haka.

Kada mu manta da ita ma baƙuwar. 'Yar mutane ce, da iyayenta, ta ba da zuciyarta da dukiyarta bisa yarda. Mutum ya aure ta yana ƙirga kwanaki a ransa, yana jiran ranar da fasfo zai fito ya yar da ƙwallon mangwaro ya huta da ƙuda. Mu da muke ƙyamar auren wa'adi, me za mu kira wannan? Da 'yar gidanmu aka yi wa haka da mun cika gari da Allah ya isa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce talauci ne, noma bai biya ba, taki ya yi tsada, kuma in ya samu shiga ai ita uwargidan da 'ya'yanta ne za su ci moriya, daga baya ma ya dawo ya ɗauke su. Ban raina wannan hujja ba, don na san yadda rani ke yi wa magidanci a ƙauyukanmu. Amma mu yi lissafi. A haɗa jiran biza, da shekarun sharaɗi, da shari'ar rabuwa da baturiya. Sannan dokar Amurka ta ce mai katin zama da ya same shi ta hanyar aure ba zai nema wa wata matar ba sai bayan shekara biyar, sai fa in ya kawo ƙwaƙƙwarar hujja cewa auren farko na gaskiya ne. Kuma ranar da ya kawo sunan matar da ya taɓa rantsewa babu ita, ranar ya tona wa kansa asiri, domin ƙaryar farko tana iya sa a ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa ko bayan an bayar. Yaron da aka bari yana rarrafe sai ya shiga sakandare bai san ubansa ba sai a waya.

Ƙofar ma ba kullum take a buɗe ba. A farkon 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar ƙaura, Biden ya ɗage a Janairun 2021, sannan a Disamban 2025 aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Wanda ya saki matarsa don takardar da sa hannun mutum ɗaya ke iya sokewa, ya yi sakin na hannu ya kama na guje, ƙarshenta ba tsuntsu ba tarko.

Iyaye kuma, idan ɗan waje ya zo neman 'yarku, kada ƙamshin turare da tsadar lefe su rufe muku baki. Waliyyi ya tambaya: wace irin takarda gare shi? Yana da wata matar a can? In yana da ita, to ku sani 'yarku ba za ta bi shi a matsayin mata ba, zaman jiran waya za ta yi. In kuma ta tafi, a sanar da ita tun daga gida cewa fasfonta nata ne, kuma duka ƙasashen biyu suna da tanadin da ke bai wa matar da miji ke azabtarwa damar neman takarda da kanta. Tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙin yarinya ne.

Ba na cewa kada a auri bare. Aure na gaskiya halal ne ko da wa Allah Ya haɗa, kuma wanda ya faɗi gaskiya tun farko ba ya tsoron tambayar kowane jami'i. Roƙona ga 'yan'uwana marubuta shi ne, a littafi na gaba idan jirgi ya tashi, alƙalami ya juyo ya hau motar Gwarzo, ya sauka a Kabo, ya shiga ɗakin matar da aka bari da goyo da alƙawari, ya ba mu labarinta. Ku kuma mata, duk wanda ya kawo muku takarda ya ce ta wasa ce, ku kai wa malami ya karanta muku kafin ku amsa.

Allah Ya sa mu dace, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.