SHARHI: Masana'antun Sarrafa Madara Da Hurumin Gwamnatocin Jihohi A Kasuwar Nono

Idan dai jama'a ba su manta ba, a cikin watan Maris na shekarar 2024 ne Babban Bankin Nijeriya ya janye takunkumin da ya sanya tun watan Fabrairun 2020, wanda ya taƙaita samun kuɗin musaya domin shigo da madara ga wasu kamfanoni 6 kacal, waɗanda suka amince su zuba jari a harkar kiwo a cikin gida. A watan Yunin wannan shekara ta 2024 aka ƙaddamar da Manufar Ƙasa Kan Madara, sannan a watan Yuli Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Dukkan waɗannan matakai a Abuja aka ɗauke su. To amma sanin kowa ne cewa shanun da ake magana a kansu suna cikin rugage da dazuzzukan jihohinmu ne, haka nan matan da ke ɗauke da ƙoren nono a kasuwannin ƙananan hukumominmu suke cin kasuwa. Saboda haka ya zama wajibi mu tsaya mu dubi abin da ya rataya a wuyan gwamnatocin jihohi, musamman ganin yadda masana'antun sarrafa madara ke ƙara yawa a wannan yanki namu.

Alƙaluman da hukumomin tarayya suka sha bayarwa sun nuna cewa ƙasar nan tana samar da madarar da ta kai kimanin tan 700,000 a shekara, alhali kuwa buƙatar jama'a ta kai wajen tan miliyan 1.6, kuma ana kashe abin da ya tasam ma dala biliyan 1.5 kowace shekara wajen cike wannan giɓi daga ƙasashen waje. Mafi yawan ɗan abin da ake samu a gida daga hannun makiyaya yake fitowa, kuma saniyarmu ta gida, ko Bunaji ce ko Rahaji ko Bokolo, ba kasafai ake tatsar fiye da lita 1 zuwa 2 a jikinta a yini ba, bayan abin da ɗan maraƙi ya sha.

Ya kamata mu tuna cewa kafa masana'antar madara ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake yin man shanu da cuku a Vom da ke Jihar Filato ta yanzu. Bayan samun 'yancin kai gwamnatoci sun gina masana'antu a wasu manyan birane, aka shigo da injuna masu tsada, aka yi bukukuwan buɗewa, amma da yawansu ko dai sun durƙushe ko kuma sun koma dama madarar gari da ruwa suna zubawa a mazubi. Daga baya, da tallafin Bankin Duniya, aka kafa tarayyar ƙungiyoyin gama kai na masu madara ta Kaduna, wato MILCOPAL, bisa koyi da tsarin garin Anand na ƙasar Indiya. Abin da ya riƙa kayar da waɗannan yunƙuri kusan iri ɗaya ne: an gina injin da ke buƙatar dubban lita kowace safiya, ba tare da an tanadi hanyar da madarar za ta iso gare shi da ɗanyenta ba.

Akwai kuma abokiyar gasa mai ƙarfi. A ƙarƙashin tsarin harajin bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, madarar gari da ake shigowa da ita cikin manyan buhuna domin masana'antu kashi 5 cikin 100 kawai take biya. Bugu da ƙari, tun da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a shekarar 2015, sai kasuwannin Afirka ta Yamma suka cika da wata irin madarar gari wadda aka cire mata manta na asali aka maye gurbinsa da man kwakwar manja da aka tace. Tana da araha, ba ta buƙatar firji, kuma tana iya yin watanni a sito. Mai masana'anta ɗan kasuwa ne, idan ya auna wahalar bin rugage da sauƙin buɗe buhu, ba sai an gaya masa wanda zai zaɓa ba.

A nan ne ya kamata a fahimci iyakar ikon jiha, domin sau da yawa mukan ji jama'a suna kira ga gwamnoni da su hana shigo da madarar waje. Wannan ba ya cikin huruminsu. Tsarin Mulkin 1999 ya sanya harajin kwastan da cinikayya da ƙasashen waje da kuma ma'aunai cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, yayin da rajistar kayan abinci da aka sarrafa aka ƙunsa take hannun hukumar NAFDAC. Kafa kasuwanni da kula da su kuwa aikin ƙananan hukumomi ne. Abin da ya rage wa jiha shi ne fili, da ruwa, da hanyoyin karkara, da likitocin dabbobi, da jami'an duba-gari, da rajistar ƙungiyoyin gama kai. Tun bayan gyaran Tsarin Mulki da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuma, jihohi sun sami damar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. A ganinmu waɗannan ba ƙananan makamai ba ne, domin su ne ke yanke hukunci ko madarar ruga za ta isa masana'anta ko za ta tsinke a hanya.

Mu ɗauki batun fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma tun shekarar 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Da wannan iko ne Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Arla na ƙasar Denmak a 2019, wadda ta kai ga buɗe gonar madara a Damau cikin Ƙaramar Hukumar Kubau a 2023, tare da shirin zaunar da iyalan makiyaya 1,000 a kewayen wurin. Haka nan Jihar Neja ta ba wasu kamfanoni filaye a makiyayar Bobi. To, gwamnatin da ta ba da fili mai faɗi irin wannan tana da cikakken haƙƙin gindaya sharuɗɗa a rubuce: lita nawa kamfani zai riƙa saye daga makiyayan da ke kewaye, cibiyoyin tattarawa nawa zai gina, kuma me zai biyo baya idan ya saɓa. Idan ba a yi haka tun ranar sa hannu ba, sai a wayi gari da kyakkyawar gona mai shanun Turai a cikin shinge, makiyayin da ke bayan shingen kuwa bai ƙaru da komai ba. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun lokaci, wanda duk mai hulɗa da ruga ya san shi. Madarar da aka tatsa da asuba, a irin zafin ƙasarmu, 'yan sa'o'i kaɗan take yi kafin ta fara juyawa, sai fa idan an sanyaya ta zuwa digiri 4. Da damina, lokacin da ciyawa ta wadata nono ya yi yawa, a lokacin ne hanyoyin rugage ke yankewa, babur ma da ƙyar yake shiga. Da rani kuma, lokacin da hanya ta bushe, shanun sun tafi kudu neman ciyawa da ruwa, waɗanda suka rage a gida kuwa hantsarsu ta ƙafe. Wato masana'anta tana fama da ambaliya wata huɗu, sannan ta yi sauran shekara tana neman abin da za ta zuba wa injinta. Maganin wannan yana ga rijiyoyin burtsatse da madatsun ruwa, da noman ciyawa da adana harawa da dusa, da kare burtali da mashaya daga masu cinye su da gona, da kuma tankunan sanyaya madara masu aiki da hasken rana. Kamfanin L&Z da ke Kano, wanda ya daɗe yana sayen madara kai tsaye daga makiyaya, ya nuna cewa ɗan kasuwa na gida zai iya wannan aiki, sai dai ba ɗan kasuwar da zai iya gina hanyoyin ƙaramar hukuma guda da aljihunsa.

Babbar muhawarar dai ita ce ta farashi. Akwai masu ganin ya kamata gwamnatin jiha ta yanke kuɗin lita ta tilasta wa masana'antu biya. Ko shakka babu niyyarsu mai kyau ce, amma mu dai muna da ja a kan wannan shawara. Idan aka yanke farashin da ya zarce na madarar gari, masana'anta za ta daina zuwa ruga baki ɗaya, kuma babu dokar jiha da za ta hana ta sayen buhu a Legas. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Idan kuma aka yanke shi ƙasa, makiyaya ba za su kawo ba, domin matar da ta mayar da madararta kindirmo, ta fitar da man shanu, ta haɗa da fura, sau da yawa takan sami abin da ya fi wanda cibiyar tattarawa ke biya. Abin da makiyaya suka fi kuka da shi a ko'ina shi ne jinkirin biya, da mayar musu da madara ba tare da gamsasshen bayani ba, da kuma rashin amincewa da ma'auni. Waɗannan kuwa jiha za ta iya magance su ta hanyar sharuɗɗan ba da fili da dokokin ƙungiyoyin gama kai: a riƙa gwajin madara a gaban mai ita, a manna farashin mako a bango inda kowa zai gani, a kuma ƙayyade kwanakin da ba za a wuce ba kafin a biya. Ƙarfin tsarin Anand, wanda ya fara a 1946 kuma ya kai Indiya ga zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara, ya dogara ne a kan haka: gwaji a fili da biya a kan kari. Jihar Karnataka ta can ma, da ta so ƙara wa manoma samu, daga baitulmalinta ta riƙa ɗora wani abu a kan kowace lita.

Akwai wani al'amari da ba a cika faɗarsa a wuraren taro ba. A al'adar Fulani makiyaya, shanu na maigida ne amma nono na uwargida ne. Da kuɗinsa take cefane, take sayen sabulu da sutura, take tara kayan ɗakin 'ya'yanta mata. Da zarar madara ta koma abin da ake kaiwa cibiya a kan babur, a rubuta suna a littafi, a biya ta asusun banki, sai ka ga sunan namiji ne ya shiga littafin. Ta haka za a iya samun ƙaruwar madara a alƙaluman gwamnati, a daidai lokacin da tukunyar ruga ke raguwa. Jami'an da ke yi wa ƙungiyoyi rajista su ne ke da damar tabbatar da cewa an rubuta mata da sunayensu, kuma kuɗinsu hannunsu yake shiga.

Dangane da lafiyar jama'a kuwa, gaskiya ne cewa ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar tarin fuka da na bakkale, gaskiya ne kuma akwai masu ƙara ruwa da garin ɓawon kuka a cikin nono da rani domin ya yi auki. Haka nan madarar saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ba a jira kwanakin da likita ya ƙayyade ba, tana iya ɓata tankin yogot guda. Amma masu kiran a haramta tallar nono domin a share wa masana'antu fage, ya kamata su dubi abin da ya faru a Kenya. Shekara da shekaru hukumomin ƙasar suna farautar ƙananan masu sayar da madara, jama'a kuma ba su fasa saye a wurinsu ba, har sai a 2004 aka sauya manufa aka koma horar da su da ba su lasisi. Mu ma abin da zai fi mana amfani shi ne koyar da tafasa madara kafin a kwantar da ita, da raba mazuban ƙarfe masu murfi a madadin jarkokin roba, da keɓe wa masu nono rumfa mai ruwa mai tsabta a kowace babbar kasuwa, da kuma rigakafin ciwon huhu da boru a kan lokaci.

Har ila yau ba za mu rufe ido ga shingayen karɓar haraji barkatai a kan hanyoyi ba. Motar da ke ɗauke da hatsi za ta iya jira a yi ciniki da ita, amma wadda ke ɗauke da madara kowace tsayawa asara ce. Haka kuma satar shanu da garkuwa da mutane sun tarwatsa rugage da dama a Arewa maso Yamma da Jihar Neja cikin shekarun da suka gabata, kuma ba mai kafa tankin sanyi a inda ma'aikacinsa ba zai iya kwana ba.

A Jihar Kano, Shirin Bunƙasa Noma da Kiwo na KSADP, wanda ya sami kuɗi daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ya sanya gina cibiyoyin tattara madara da raya makiyayar Dansoshiya ta Ƙaramar Hukumar Kiru cikin manyan ayyukansa. Irin waɗannan shirye-shirye na masu ba da rance suna da wa'adi, kuma idan wa'adin ya cika, gyaran batir da famfo da albashin mai gwaji duk sukan dawo kan jiha ko kan ƙungiyar makiyaya. Don haka muna ganin ya dace majalisun dokokin jihohi, a duk lokacin da suke duba kasafin ma'aikatun gona da na kiwo, su riƙa neman a kawo musu littafin kowace cibiya, su ga lita nawa ta karɓa a watan Maris da Afrilu lokacin da rani ya tsananta, mata nawa ne a cikin waɗanda aka biya, da kuma kwana nawa suka jira kafin kuɗinsu ya fito.