Aduwar Garu ta fi ƙarfin buhun gawayi

A gaɓar tekun yammacin Indiya, a yankin Konkan, akwai wata bishiya da ake kira kokum, 'yar uwar namijin goro. 'Ya'yanta jajaye ne masu tsami, girmansu kamar na lemon tsami. Ana shanya ɓawonsu a jefa a miya, kamar yadda matan Hausa ke jiƙa tsamiya, ko a yi abin sha da su lokacin zafi. Daga ƙwallon kuma ake fitar da wani mai da ke daskarewa kamar man kaɗe.

Kokum ba za ta rayu a Garu da ke ƙaramar hukumar Illela ba, domin bishiya ce mai son ruwan sama mai yawa. Abin da ya kamata mutanen wannan yanki na kan iyaka su ɗauka daga gare ta shi ne yadda masu ita suka daraja ta. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta amince a sa wasu mayuka guda shida a cakulan tare da man koko, har zuwa kashi 5 cikin 100. Man kokum na cikinsu, haka ma man kaɗanya. Ƙwallon bishiyar ƙauye ya kai ga masana'antun Turai ne saboda an bar uwar tana tsaye, an kuma koyi sarrafa abin da take zubarwa.

Ƙasar Illela ma tana da irin tata, ita ce aduwa. Ba ta bukatar ban ruwa, tana jure fari, kuma tana ba da 'ya'ya da rani, lokacin da gona ba ta ba da komai. Yara na tsotsar 'ya'yanta. Mata na dafa ɗanyen ganyenta. Awaki da raƙuma na kiwo a kanta idan ciyawa ta ƙare. Da itacenta ake sassaƙa allon karatu da ƙotar fartanya. A cikin ƙwallonta kuma akwai ƙwaya mai yawan mai, wanda ake girki da shi, ake yin sabulu da man shafawa.

Matsalar ita ce itacen aduwa yana da ƙarfi, yana kuma yin gawayi mai kyau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan itace da gawayi. Bukatar birane ce ke ƙarewa a kan bishiyoyin karkara. Wanda ya sare aduwa zai sami kuɗi sau ɗaya. Daga nan babu 'ya'ya, babu inuwa, babu abin da zai tare iska daga kwashe ƙasar gona, kuma kafin wata ta kai girmanta sai an yi shekaru.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mai gatari laifin gaba ɗaya. Magidancin da ba shi da abin cefane ba zai jira kasuwar da ba ta zo ba. Fasa ƙwallon aduwa da dutse aiki ne mai cin rai, kuma matar da ta yini tana yi ba ta da tabbacin mai saye. Muddin gawayi na da dillali a bakin hanya, man aduwa kuwa ba shi da shi, wa'azin kare bishiya ba zai shiga kunne ba.

Amsar tana nan kusa, a tsallaken iyakar da ke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. A farkon shekarun 1980 manoman yankin Maradi suka fara barin kututturen da ke tohowa a gonakinsu, suna rage rassan su bar masu ƙarfi, maimakon su share komai kafin shuka. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. A Damagaram kuma akwai kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda ke sayen 'ya'yan itatuwan daji daga mutanen karkara yana sarrafa su, har da man aduwa. Ƙasa iri ɗaya ce, harshe ɗaya, bishiya ɗaya.

Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka ke aiki a cikinsu a Najeriya. Dashen da aka kawo daga waje yana bukatar ruwa da shinge da mai gadi, kuma da yawa ba sa kai wa damina ta biyu. Aduwar da ta fito da kanta ba ta neman ko ɗaya. Ya kamata wani kaso na kuɗin dashe ya tafi wajen sayen injin fasa ƙwallo da na matsar mai ga ƙungiyoyin mata a mazaɓu irin su Garu da Kalmalo da Araba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na iya auna ingancin man, ta koyar da yadda ake cire masa ɗaci, domin ya sami rajistar NAFDAC.

Hakimai da masu unguwanni su ma suna da aiki. Su ne za su iya tsayar da ƙa'ida cewa ba a sare aduwa ko tsamiya mai ba da 'ya'ya, kuma wanda ya raini bishiya a gonarsa shi ke da amfaninta.

Kasuwar Illela na tara 'yan kasuwa daga Najeriya da Nijar kowace Lahadi. Ranar da galan ɗin man aduwa ya sami rumfa da farashi a wannan kasuwa, manomin Garu ba zai bukaci a roƙe shi ya ajiye gatari ba.